Hayar Mota a Ƙasar Waje: Me Ya Sa Ake Riƙe Kuɗi a Katinka, Kuma Yaya Za Ka Yi?

Mu a gida hayar mota ba ta da wani dogon turanci. Ka kira wanda ka sani ko wanda aka haɗa ka da shi, ku yi ciniki, mota ta zo da direbanta, ka tura kuɗi, a rabu lafiya. Sanayya ce jinginar. A Amurka da Turai, da Dubai da Saudiyya, ba haka abin yake ba. Kai ne za ka ja motar da kanka, kamfanin bai san ka ba, bai san gidanku ba, kuma zai miƙa maka makullin dukiyar da ta kai dalar Amurka 30,000 ko fiye ka yi gaba da ita. Abin da yake riƙewa a madadin sanayya shi ne katinka na banki.

Daga nan ne koke biyu suke fitowa daga bakin matafiyanmu, 'yan kasuwa ne ko ɗalibai, masu zuwa asibiti ne ko masu Umara. Wani ya ce an ƙi karɓar katinsa alhali akwai kuɗi a ciki. Wani ya ce an cire masa kuɗi ranar da ya ɗauki mota, ya mayar da ita lafiya lau, ga shi mako biyu ba a dawo da ko sisi ba. Tushen koken biyu ɗaya ne, kuma wanda ya fahimce shi kafin ya bar gida zai tsira daga duka biyun.

Ranar da ka tsaya a gaban kanta, ma'aikaci ya sa katinka a na'ura, ba biya kake yi ba. Na'urar tana aika tambaya ne ta hanyar Visa ko Mastercard ko American Express zuwa bankin da ya ba ka katin: shin wannan kati zai iya ɗaukar kuɗi kaza? Idan bankin ya ce e, sai ya bayar da lambar amincewa, ya ware wannan adadi gefe guda ya hana a taɓa shi. Kuɗin ba su bar bankinka ba, ba su shiga asusun kamfanin ba. Kamar kujerar mota ce a tasha da wani ya ɗora wa jaka ya tafi sayen ruwa: babu kowa a kanta, amma babu mai zama. A manhajar banki za ka gan su a jerin cinikin da bai kammalu ba, wani lokaci ma saƙon cire kuɗi zai shigo wayarka, abin da yake sa mutane su ɗauka an riga an caje su.

To, ga inda maganar iyaka take shigowa. Katin bashi yana da lambobi guda biyu da mutane suke rikitawa. Akwai iyakar da banki ya yanke maka, wato mafi yawan abin da zai iya ranta maka. Akwai kuma abin da ya rage maka a wannan lokaci, bayan an ɗebe abin da ka kashe ba ka biya ba tukuna da duk wani kuɗi da aka riƙe. Kamfanin haya ba ruwansa da lamba ta farko. Ta biyu kawai yake gani, ko ma a ce ba ya ganinta, amsar e ko a'a kawai yake samu.

Bari mu yi lissafi da misali, don a nan ne mutane suke faɗawa. A ce iyakar katinka dala 1,500 ce. Kafin ka tashi ka yi sayayya ta dala 400 ba ka biya ba, saura 1,100. Ka sauka ka fara zuwa otal, suka riƙe dala 300 kuɗin kwana 3, da ƙarin 150 saboda abin da ƙila za ka ci ko ka lalata a ɗaki. Saura 650. Washegari ka je ɗaukar mota. A intanet ka ga dala 55 a rana, kwana 7 ya kama 385, sai hankalinka ya kwanta. Amma a kanta za a ɗora haraji da kuɗin filin jirgi, a ce dala 90. Ka nemi kujerar yaro ko a sa sunan direba na biyu, a ce 70. Sannan kamfani ya ɗora dala 200 na kariya. Jimillar abin da za a nema daga bankinka dala 745 ke nan, kai kuma 650 ne ya rage maka. Saboda dala 95 za a ce kati bai yi ba. Ba za a riƙe rabi a bar rabi ba, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda a raba jinginar a kan kati biyu ko a cike da tsabar kuɗi. Kana da kuɗi a aljihu, kana da kuɗi a wani asusu, amma za ka koma da jakarka.

Nawa ake riƙewa?

Babu adadi ɗaya. Ya danganta da ƙasa, da kamfani, da reshe, da irin motar, da irin katin. Amma akwai tsari iri biyu da ya kamata a sani.

A Amurka da Kanada, manyan kamfanoni irin su Hertz, Avis, Budget, Enterprise, National da Alamo galibi suna riƙe kiyasin kuɗin hayar gaba ɗaya, su ɗora wani abu a kai, wanda yawanci yake tsakanin dala 200 zuwa 500. Wannan ƙari saboda mai ne idan ba ka cika tanki ba, da jinkirin dawo da mota, da ƙananan abubuwa irin waɗannan. Motocin alfarma sun fi haka nesa ba kusa ba, wasu ma ana neman kati biyu.

A Turai da Ingila kuwa lissafin ya fi nauyi, domin an ɗaure shi da inshora. Farashin da ka gani yakan haɗa da kariyar ɓarna, wadda ake rubuta wa CDW a takarda, amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Akwai wani kaso na farko na kuɗin gyara da yake wuyanka idan wani abu ya sami motar, ko da kwarzane ne a jikin ƙofa. Wannan kaso yakan kai Yuro 1,000, a kan manyan motoci ya haura 2,000. Kamfanoni da yawa, musamman masu araha a filayen jiragen Sifen, Italiya, Fotugal da Girka, wannan kaso ɗungurungum suke riƙewa a katinka, su ƙara da kuɗin tanki ɗaya na mai. Shi ya sa za ka ga hayar da ba ta wuce Yuro 90 a mako ba, amma jinginarta Yuro 1,200. Araha ba ta ado. Ga ɗan'uwanmu na Nijar, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wannan jingina kusan sefa 787,000 ke nan da za su kwanta ba a taɓa su.

A nan ne ma'aikacin kanta zai yi maka tayi: ka sayi cikakkiyar inshorarmu, kason da yake wuyanka ya koma sifili, abin da za mu riƙe ya ragu ƙwarai. Gaskiya ya faɗa, amma ka sani galibinsu suna da kamisho a kan wannan ciniki, kuma kuɗin inshorar na kullum yakan kai kuɗin hayar motar kanta ko ya fi. Akwai hanya ta biyu da ta fi sauƙin kuɗi, wato ka sayi inshorar wannan kaso daga wani kamfani daban ko daga shafin da ka yi odar motar. Sai dai mutane da yawa ba su gane ba cewa wannan inshora ta waje ba ta rage abin da za a riƙe ko da sisi. Kamfanin haya bai san da ita ba. Zai riƙe cikakkiyar jinginarsa, idan an yi ɓarna ya cire kuɗinsa, kai kuma ka kai takardu wurin masu inshorar su mayar maka daga baya. Ra'ayina shi ne, idan hayar ta kwana biyu ko uku ce kuma katinka ba shi da fili, ka sayi ta kamfanin hayar, ba asara ba ce. Idan ta mako biyu ce ko fiye kuma katinka yana da sarari, ta waje ta fi.

Wasu katunan bashi, musamman waɗanda aka bayar a Amurka, suna zuwa da tasu kariyar ɓarna, da sharaɗin ka biya hayar gaba ɗaya da katin kuma ka ƙi ta kamfani. Wannan kariya motar da ka haya kawai take rufewa, ba ta biyan wanda ka buge ko motarsa. Kuma da yawa daga cikinsu sun cire wasu ƙasashe, irin su Ayalan, Isra'ila da Jamaika. A Ayalan, wanda ya ƙi inshorar kamfani ana iya neman wasiƙa daga mai katinsa, a kuma riƙe masa har Yuro 5,000. Kada ka ɗauka katinka yana da wannan gata don kawai an rubuta masa suna mai daɗi da launin zinariya. Ka nemi takardar sharuɗɗansa ka karanta.

Mu da katinmu na cire kuɗi ne

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar yawancin masu karanta wannan fili. A Nijeriya da Nijar, da Gana da Kamaru, katin da yake aljihun mutane ba na bashi ba ne. Na cire kuɗi ne, wanda muke kira katin ATM, ko da kuwa akwai tambarin Visa ko Mastercard a jikinsa. Har katin dala da ake bayarwa a kan asusun kuɗin waje, yawanci na cire kuɗi ne. Na'urar kamfanin haya tana gane bambancin daga lambobin farko na katin, don haka ba a yi mata wayo.

Bambancin babba ne. A katin bashi, abin da aka riƙe kuɗin banki ne, kai dai filinka ne ya ragu. A katin cire kuɗi, guzurinka ne na gaske aka kulle, wanda za ka ci abinci da shi, ka biya otal, ka sayo tsaraba. Mutumin da ya tafi da dala 2,000 aka riƙe masa 900 ranar farko, da 1,100 zai yi zamansa, kuma ƙila ya dawo gida kafin a sake su.

Su ma kamfanonin ba sa son wannan kati, saboda a ganinsu wanda banki ya yarda ya ba bashi an riga an tantance shi, kuma idan tara ta biyo baya akwai inda za a cira. Don haka wasu rassa ba sa karɓarsa sam wajen ɗaukar mota. Masu karɓa kuma sukan ƙara abin da za su riƙe, su nemi tikitin jirgi na komawa, ko shaida ta biyu, ko takardar adireshi, su hana ka manyan motoci, wasu su ce sai ka kai shekara 25. A Amurka wasu har binciken tarihin bashi suke yi, abin da baƙo ba shi da shi. Wasu a Turai za su ce sun yarda, amma sai ka sayi cikakkiyar inshorarsu. Akwai kuma waɗanda ba riƙewa suke yi a katin cire kuɗi ba, cirewa suke yi ainihin cirewa, su mayar daga baya. Idan asusunka na naira ne, wannan yana nufin canji sau biyu a farashi biyu, kuma da wuya abin da zai dawo ya yi daidai da abin da ya fita.

Katin da ake zuba wa kuɗi a yi ta amfani, wanda ba a ɗaure shi da asusu ba, kamar waɗanda suka yawaita a ƙasashen sefa, kusan ko'ina ba a karɓarsa a matsayin jingina. Haka katin dala na manhajar waya wanda ba shi da jiki. Zai iya biyan odar a intanet, amma a kanta ana son kati na hannu mai ɗauke da sunanka. A nan ne asara ta fi zafi: mutum ya biya kuɗin haya gaba ɗaya tun yana gida, ya je ba shi da katin da za a karɓa, a hana shi mota, kuma a sharuɗɗan da ya amince da su an rubuta cewa kuɗin ba sa dawowa.

Ga 'yan Nijeriya akwai wata iyaka kuma a saman duk waɗannan. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi gaba ɗaya. A 2025 wasu suka dawo da shi, kowanne da iyakarsa ta wata ko ta wata uku. Idan abin da kamfanin haya ya nema ya wuce wannan iyaka, za a ƙi katin ko da miliyoyi ne a asusun. Akwai kuma iyakar kullum da ake sa wa kati don tsaro, da maɓallin buɗe amfani a ƙasar waje da yake cikin manhajar wasu bankuna. Kowanne daga cikinsu zai iya tsayar da kai a gaban kanta.

Wata magana da na san tana zukatan masu karatu da yawa ita ce ta riba. Kuɗin da aka riƙe ba su zama bashi ba tukuna, don haka ba a ɗora musu kuɗin ruwa. A yawancin katunan bashi ma, wanda ya biya duk abin da ya kashe kafin wa'adi ba ya biyan ruwa a kan sayayya. Amma yarjejeniyar kanta tana ɗauke da sharaɗin ruwa, kuma malamai sun yi magana a kan haka. Wannan hukunci nasu ne, a tambaye su. Abin da zan ƙara kawai shi ne, bankunan Musulunci a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da Malesiya suna bayar da katunan da aka tsara ba bisa ruwa ba, kuma kamfanonin haya suna karɓarsu kamar kowane katin bashi.

Abin yi

Aikin yana farawa ne kafin ka biya ko kwabo. Ka buɗe sharuɗɗan hayar na reshen da za ka ɗauki motar, ba na kamfanin gaba ɗaya ba, domin rassa da yawa 'yan kasuwa ne masu zaman kansu suke gudanar da su da sunan babban kamfani, kowa da dokarsa. Ka nemo wurin da aka yi maganar biya da jingina. Idan bai fito sarari ba, ka rubuta musu imel ka tambaya: nawa za ku riƙe a kan wannan mota, kuna karɓar katin cire kuɗi da aka bayar a ƙasar waje, me kuma za ku nema in zo da shi? Ka ajiye amsar a wayarka. Amsa a rubuce ta fi ta baki, don ma'aikacin da za ka tarar ba shi ne ya ɗauki wayarka ba.

Daga nan ka koma ga bankinka. Ka san abin da ya rage maka a katin, ka san iyakar kullum da ta ƙasar waje. Idan katin bashi ne, ka biya abin da ake bin ka kwana da yawa kafin tafiya, domin wasu bankuna ba sa buɗe filin nan take bayan an biya. Za ka iya neman a ɗaga maka iyaka na ɗan lokaci. Ka sanar da su ƙasar da za ka da ranakun, kada na'urar tsaronsu ta ga ciniki mai nauyi daga Landan ko Jidda ta ɗauka ɓarawo ne ta rufe katin. Ka tabbata ka tuna lambar sirrinka, kuma layin wayar da banki yake aiko maka saƙo zai yi aiki a can.

Idan kana da kati biyu, ka raba musu aiki. Ɗaya na mota kaɗai, ɗaya na otal da cefane. Ka kuma lura da gidajen mai da ake sa kati a jikin famfo: su ma riƙewa suke yi kafin mai ya zubo. A Amurka yana iya kai dala 175, a Ingila fam 100 ko sama kaɗan, ko da man dala 30 za ka sha. Yakan saku da wuri, amma a katin cire kuɗi yana iya kwana. Shiga ciki ka biya adadin da kake so ya fi maka.

Katin dole ya kasance da sunan wanda aka rubuta a matsayin babban direba. Na yayanka ba zai yi ba, na maigidanki ba zai yi ba, ko da yana tsaye a wurin. Idan ɗan'uwanka mazaunin can ne yake da katin bashi, to shi zai zama babban direba, a rubuta ka a matsayin na biyu, ku je tare kowa da lasisinsa. Kada a yi dabarar shi ya ɗauko motar ya miƙa maka makulli ba a rubuta sunanka ba. Idan hatsari ya faru inshora ba za ta biya ba, kuma shi za a bi duk kuɗin motar. Wannan ba zumunci ba ne, jefa ɗan'uwa cikin masifa ne.

A kanta, kafin ka sa hannu, ka tambayi adadin da za a riƙe, ka ga an rubuta shi a takarda. Idan na'ura ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ko da kuɗin katinka, ka zaɓi na ƙasar da kake, domin farashin canjin da na'urar take bayarwa kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Sannan ka zagaya motar da waya a hannu, ka ɗauki bidiyo da hotuna: ƙofofi, gilasai, tayoyi da ƙarafunansu, rufi, ƙasan bamba, cikin mota, ma'aunin mai da na tafiya. Duk tabon da ba ya cikin takarda, ka sa a rubuta kafin ka fita daga harabar. Minti biyar ɗin nan su ne suke kare Yuro 1,200 ɗinka.

Idan ka ga za ka ƙara kwana, ka kira su tun kafin wa'adi. Za su nemi ƙarin riƙo a katin, don haka sai akwai fili. Haya mai wuce wata guda kuwa yawanci ana rufe ta a sake buɗewa duk wata, a caji na baya a yi sabon riƙo, wani lokaci kafin tsohon ya saku.

Ranar mayarwa ka cika tanki kusa da wurin ka ajiye rasit. Ka yi ƙoƙari ka mayar a lokacin da ofis yake buɗe, ma'aikaci ya duba motar a gabanka ya ba ka takardar rufe haya. Wanda ya jefa makulli a akwati da dare, motar tana wuyansa har sai an duba ta da safe. Kuma ka biya da katin da aka yi riƙon a kansa. Idan ka canza kati ko ka biya da tsabar kuɗi, riƙon farko ba shi da cinikin da zai rufe shi, sai ya yi ta zama har wa'adinsa ya ƙare, sai fa idan ka sa ma'aikacin ya soke shi a gabanka.

Yaushe kuɗin suke dawowa?

Ba dawowa suke yi ba, sakinsu ake yi, shi ya sa sau da yawa ba za ka ga saƙon shigar kuɗi ba. Layin zai ɓace ne kawai daga manhaja, abin da ya rage maka ya ƙaru. Kamfani yana aika cajin ƙarshe da saƙon sakin saura, bankinka ne yake aiwatarwa. A katin bashi yakan ɗauki 'yan kwanaki, a katin cire kuɗi na wata ƙasa yana iya kai mako biyu ko fiye, kuma ranakun hutu ba sa cikin lissafi. A dokokin Visa da Mastercard irin wannan riƙo na hayar mota yana iya zama har kusan kwana 30 kafin ya mutu da kansa.

Idan mako biyu ya wuce shiru, kada ka tsaya kamfani yana cewa laifin banki ne, banki yana cewa laifin kamfani ne. Ka nemi kamfanin ya aiko maka takarda mai ɗauke da ranar riƙon, da adadinsa, da lambar amincewa, da bayanin cewa ba su da sauran buƙata a kansa. Da wannan takarda bankinka zai iya sakin kuɗin da hannu. A Nijeriya, idan bankin ya yi biris bayan ka shigar da koke a rubuce, akwai sashen kare haƙƙin abokan ciniki a Babban Bankin Nijeriya.

Ko bayan an saki kuɗi, tsugune ba ta ƙare ba. Ka sa hannu a kan cewa za a iya cajin katinka daga baya saboda tara da kuɗin hanya. A Dubai akwai ƙofofin kuɗin hanya na Salik da kyamarorin gudu, a Saudiyya akwai kyamarorin Saher, a Landan akwai kuɗin shiga tsakiyar gari, kusa da ita kuma akwai na mashigar Dartford, a biranen Italiya akwai unguwannin da aka hana baƙin motoci shiga. Tarar takan iso bayan makonni, kamfani ya ɗora kuɗin wahalarsa a kai. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin Dubai suke riƙe jingina mako uku ko huɗu bayan an mayar da mota, kuma hukumar kare masu sayayya ta can ta umarce su da su mayar cikin kwana 30. Kada ka rufe katin da zarar ka dawo, kuma ka riƙa duba shi har wata biyu ko uku.

Idan aka caje ka kuɗin ɓarnar da ba kai ka yi ba, ka fara rubuta wa kamfanin, ka haɗa hotunanka da takardar rufe haya, ka nemi su nuna maka hoton ɓarnar da takardar kuɗin gyara. Idan suka ƙi, ka shigar da ƙorafi a bankinka a janyo kuɗin. Ana yin haka ne bayan cajin ya tabbata, ba yana matsayin riƙo ba, kuma akwai wa'adi, galibi kwana 120 a tsarin katunan, don haka kada a yi jinkiri. A Ingila ƙungiyar kamfanonin hayar mota ta BVRLA tana sasanta irin wannan rikici tsakanin mambobinta da abokan ciniki, kuma mai katin bashi na can yana da ƙarin kariya a sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974, a kan cinikin da ya haura fam 100 har zuwa 30,000.

Mai karatu, idan ba ka da katin bashi, kuma guzurinka ba zai jure a kulle kashi ɗaya cikin uku nasa na tsawon wata guda ba, shawarata ita ce ka haƙura da hayar mota a wannan tafiya. A Landan, Faris da Dubai jirgin ƙasa da tasi za su kai ka kusan ko'ina. Tsakanin Makka da Madina akwai jirgin Haramain da yake aiki tun 2018, yana bi ta Jidda. Idan kuma wurin da za ka sai da mota, ka nemi kamfanin da ya amsa maka a rubuce cewa zai karɓi katinka, ka zuba kuɗin jinginar daban da na guzuri tun kana gida.